Waiwaye: Robert Macintosh da Masu Tsayuwa a Wajen Kan Majinyaci

A ɗakin tiyata na asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko na Birnin Kudu, ko na Jahun, akwai wani ƙarfe da ba ya nisa da hannun mai sa barci. Lanƙwasasshe ne, da ɗan ƙwan fitila kusa da bakinsa, da mariƙi mai batir a ciki. Idan allura ta kama majinyaci, jikinsa ya saki, numfashi ya tsaya, da wannan ƙarfen ake ɗaga harshe a leƙa maƙogwaro, a zura bututun da zai kai iska huhu. Aikin daƙiƙoƙi ne. In aka yi 'yan mintuna bututun bai shiga ba, kuma ba a samu wata hanyar ba da iska ba, ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa ke nan, kome gwanintar likitan fiɗa. Ma'aikata na kiran ƙarfen Macintosh, da sunan mutumin da ya ƙirƙiro shi, kuma rayuwar mutumin nan ce za mu waiwaya a kai yau, domin na ga ta shafe mu fiye da yadda nisan ƙasarsa zai sa a zata.

An haifi Robert Macintosh a watan Oktoba na 1897 a garin Timaru na ƙasar Niyu Zilan. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Ajantina, inda ya iya Sifaniyanci. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kai shi Ingila, ya zama matuƙin jirgin yaƙi, aka kakkaɓo jirginsa a 1917, ya zauna fursuna a hannun Jamusawa. Da aka gama yaƙi ya shiga karatun likita a asibitin Guy's na Landan, ya fito a 1924. Niyyarsa ya zama likitan fiɗa, har ya ci jarrabawar hakan a 1927. Amma kafin nan, don ya samu abin kashewa, yana bin likitocin haƙori yana sa musu majinyata barci, sai ya ga hannunsa ya faɗa a wannan aikin, ya zauna a kai. A lokacin, wannan zaɓi ne na komawa baya a idon abokan aikinsa.

Sai an san yadda ake kallon aikin sannan za a gane dalili. Mu a ƙasar Hausa mun san aska a jikin mutum tun kafin zuwan asibiti: wanzami yana kaciya, yana cire beli, yana ƙaho, maɗori yana jan karayar ƙashi. Maganin zafi ɗaya ne, a rirriƙe mutum a ce ya daure. Turawa ma a haka suke har ranar 16 ga Oktoba 1846, da William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci sinadarin eta a birnin Boston na Amurka, aka cire masa ƙari a wuya bai yi ihu ba. Duniya ta yi murna, amma murnar ta tsaya a kan maganin, aka manta da mai ba da shi. Shekara casa'in bayan nan, a asibitoci da yawa, ƙaramin likitan da ya fi kowa sabunta ko ɗalibi ake miƙa wa kwalba da ƙyalle, a ce ya riƙa ɗiga wa mutum a hanci har a gama.

Wanda ya canja wannan a Ingila ba likita ba ne. William Morris, mai kamfanin motocin Morris, wanda aka fi sani da Lord Nuffield, ya sha wuya a hannun masu sa barci, sannan ya ɗanɗana na Macintosh ya ji bambanci. A 1936 ya yi wa Jami'ar Oxford kyautar da ta kai fam miliyan 2 don a buɗe kujerun farfesoshin likitanci, ya gindaya sharaɗin ɗaya daga ciki ta zama ta sa barci. Manyan jami'a suka ƙi, suna ganin aikin bai kai a kira shi ilimi ba. Ana ba da labarin cewa babban farfesan likitancinsu ya gaya masa ai ko wawa zai iya sa mutum barci, attajirin ya amsa cewa abin da ke damunsa ke nan. Da suka ga kuɗin zai kuɓuce, suka sakko. A 1937 Macintosh ya hau kujerar, ita ce irinta ta farko a wajen Amurka. Bai yi girman kai ba: ya haye zuwa Madison a jihar Wisconsin, wajen Ralph Waters da ya riga shi kafa irin wannan sashe, ya ga yadda ake koyarwa.

Abin da ya gyara masa tunani, a ganina, tafiyar da ya yi ce Sifaniya a wannan shekarar, ana tsakiyar yaƙin basasa. Wani likitan gyaran fuska Ba'amurke, Eastman Sheehan, ya nemi ya zo ya taya shi aiki a kan sojojin da harsashi ya farfasa wa fuska. Ya isa ya tarar babu na'ura, babu tukunyar oksijin, babu wanda ya iya zura bututu a maƙogwaro. Sai ya samo gwangwani, ya huhhuda murfin, ya zuba eta a ciki, ya haɗa shi da bututun, numfashin majinyaci da kansa yana jan iskar ɗaki ta bi ta kan maganin. Aiki ya yiwu. Mutumin da ya saba da masu kuɗin Landan ya koma gida da sanin cewa yawancin mutanen duniya a irin wannan ɗakin ake yi musu tiyata, kuma na'urar da ba ta tashi sai da tukunyar iska ba tasu ba ce.

Daga nan ya jawo masanin kimiyyar lissafi, Hans Epstein, wanda ya gudo daga Jamus, da wani gwanin maƙeri mai suna Richard Salt, suka shiga ƙera kaya. Na'urarsu ta farko ta shaƙa wa majinyaci eta ta fito a 1941, kamfanin Morris ya ƙera dubbai don sojoji. Ƙarfen leƙa maƙogwaro ya biyo a 1943. Yana shirin cire wa wani yaro 'yan wuya ne, ya sa ƙarfen buɗe baki ya ɗan zarce, sai ga ƙofar maƙogwaro ta bayyana sarai. Ya gane cewa in aka sa bakin ƙarfe a lungun da ke gindin harshe aka ɗaga, murfin maƙogwaro zai tashi da kansa ba sai an taɓa shi ba. Salt ya ƙera samfurin nan take. Yau shekara fiye da 80, an yi masu kyamara da allo, amma wancan lanƙwasasshen ƙarfen ne dai a kan tire.

A farkon shekarun 1950 suka fito da na'urar eta da ta fi shiga Afirka, ana kiranta EMO, wato Epstein, Macintosh, Oxford. Matsalar eta ita ce yana sanyaya kansa in yana tashi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar zufar da take yi. In ya yi sanyi kuma sai ya rage tashi, majinyaci ya fara farkawa wuƙa na jikinsa. Suka kewaye tukunyar da ruwa don ya riƙe ɗumi, suka sa wani ɗan maƙulli da ke buɗewa da rufewa da kansa gwargwadon zafi, suka sa hannu mai lamba ta yadda mai aiki zai san nawa yake bayarwa. Aka haɗa ta da zugazugin hannu na hura huhu. Ba ta neman lantarki, ba ta neman tukunyar oksijin, mutum ɗaya zai ɗauke ta. Abin da ba ta so shi ne zafi irin namu: eta yana tafasa kusa da maki 35, alhali bazarar Dutse tana haura 40, don haka a irin ƙasarmu sai an riƙa sauya mata ruwa mai sanyi. Ga kuma haɗarin gobara, don eta ba ya shiri da tartsatsi. Duk da haka, da ita aka yi wa ɗimbin mutane aikin gwaiwa da na haihuwa da na toshewar hanji a asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka da Asiya, har da Najeriya.

Najeriya ta fara nata sassan koyar da wannan fanni bayan 'yancin kai. A 1962 wata likita daga Toronto ta Kanada, Shirley Fleming, ta kafa sashen a asibitin koyarwa na Legas. A Ibadan, Farfesa Oduntan yana cikin waɗanda suka fara gwada ketamin suka rubuta sakamako a 1970, maganin da har yau shi ne abin dogaron ƙananan asibitoci, saboda bai cika tsayar da numfashi ko kayar da jini ba. Amma likitocin da aka yaye ba su taɓa isa ba, kuma yawancinsu manyan birane suka zauna. A ƙasar da ta zama Jigawa a 1991, kamar sauran karkarar Arewa, nas-nas ɗin da aka tura kwas na sa barci ne suka ɗauki nauyin, su ne kuma a kai har gobe. Ba a rubuta tarihinsu ba. Dangi kan tare likitan fiɗa a baranda su yi masa addu'a, kuma ya cancanta; wanda ya riƙe numfashin ɗiyarsu awa biyu zai wuce ta gabansu da hula da takunkumi ba su san shi ba.

Amma ba ƙarfe ko na'ura ne babban gadon Macintosh ba. Wata maƙala ce da ya buga a ƙarshen shekarun 1940 kan masu mutuwa a hannun masu sa barci. A zamanin, in lafiyayyen mutum ya mutu a kan teburin tiyata, akwai kalmomin da ake fakewa da su: a ce zuciyarsa ce ba ta da ƙarfi, ko jikinsa ne bai karɓi maganin ba, ko a ɗora wa wata cuta ta ƙari a ƙirjin yara wadda daga baya aka gane babu ita. Ya fito ya ce yawancin waɗannan mace-macen kuskure ne da aka san shi aka kuma san maganinsa: harshe ya koma ya toshe hanya, amai ya gangara huhu, an haɗa tukunyar da ba ita ba, magani ya yi yawa ga mutumin da jininsa ya zuba, an bar majinyaci shi kaɗai kafin ya farka. Ya ce kuskuren da ya kashe wani a wannan gari bara shi zai kashe wani a wancan gari bana, saboda an binne labarin tare da mamacin. Ya nemi a riƙa tattara bayanin kowace mutuwa ba tare da sunan ma'aikaci ba. Abokan aikinsa da yawa ba su ji daɗi ba. Amma ƙungiyarsu ta kafa kwamiti, a 1956 aka buga rahoto kan mutum 1,000 da suka rasu, kuma abin da ya faɗa ne aka tarar.

Shi kansa bai tsira daga kuskure ba, kuma nasa ya yi tsada. A ranar 13 ga Oktoba 1947, a wani asibiti a Chesterfield, an yi wa maza biyu, Albert Woolley da Cecil Roe, allurar kashin baya don ƙananan ayyuka, duka biyun suka shanye daga ƙugu zuwa ƙasa har ƙarshen rayuwarsu. Da magana ta je kotu a 1953, Macintosh ya ba da shaida cewa ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake jiƙa kwalaben magani a ciki ne ya tsiyaya ta tsagar da ido ba ya gani. Alƙali ya karɓa, ya ce ba wanda zai iya hango hakan a lokacin, mutanen biyu suka tashi ba diyya. Likitocin Ingila suka tsorata da allurar baya tsawon shekaru. Sai a 1990 masu bincike suka sake bin bayanan, suka nuna abin da ya fi kama hankali shi ne ruwan asid da aka wanke tukunyar dafa allurai da shi ba a ɗauraye ba. Girman sunansa ne ya sa aka daina tambaya. Na kawo wannan ne don a ga cewa binciken da ya yi kira a yi bai kamata ya tsaya a bakin babba ba, ko da shi ne babban.

An ba shi lambar girma ta Sir a 1955, ya yi ritaya a 1965, ya ci gaba da zagaya ƙasashe yana nuna yadda ake sa barci lafiya da kaya marasa yawa. Ya rasu a Oxford a watan Agusta na 1989 yana da shekara 91.

To mu dawo gida. An daina eta, EMO ta koma ɗakin ajiya. Abin da ya fi yawa a ɗakunan tiyatarmu yanzu shi ne allurar baya, musamman ga mata masu haihuwa. A Jahun, inda ƙungiyar likitocin MSF ke aiki tare da gwamnatin jiha tun 2008, ana kawo mata daga ƙauyukan Jigawa da maƙwabta, wata da doguwar naƙuda, wata da jijjiga, wata jini ya ɓalle, ga masu yoyon fitsari da ke jiran gyara. Mai sa barci zai ce, “Baiwar Allah, sunkuya, ki turo bayanki, kada ki motsa.” Bayan 'yan mintuna ya ce, “Ɗaga ƙafarki mu gani.” Ta ce ta yi nauyi. Mai kallo zai ɗauka aikinsa ya ƙare. A nan ya fara. Allurar tana sakin jijiyoyin jini, awon jini ya faɗi, kuma matar da ta iso da ƙarancin jini, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ta sha jijjigar hanya a bayan mota, ba ta da rarar da za ta jure faɗuwar. Dole a samu mai auna ta minti-minti, da ruwa a jijiya, da allurar ɗaga jini a zuƙe a ajiye, da ƙarfen nan na Macintosh a kusa in maganin ya haura ya kama numfashi. Ketamin ma da ake ganin sauƙinsa yana kawo yawu da zai iya shaƙe mutum, yana kuma ƙara hawan jini ga mai jijjiga. Kowane magani a ɗakin nan guba ne a hannun wanda bai koya ba.

Alƙaluma sun nuna girman giɓin. Binciken ƙungiyar masu sa barci ta duniya na 2017 ya sa Najeriya cikin ƙasashen da ba su da ko likitan sa barci ɗaya ga mutum 100,000, alhali ƙungiyar na ganin 5 ne mafi ƙaranci. Ko da ƙidayar 2006 aka yi lissafi, wadda ta ba Jigawa mutum miliyan 4.3, jihar na buƙatar sama da 200. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, aka buga a 2018, ya gano majinyacinmu ya ninka na sauran duniya haɗarin mutuwa bayan tiyata, duk da ya fi su ƙuruciya, kuma yawancin rasuwar ba a kan tebur take faruwa ba, a ɗakin kwanciya ne cikin kwanakin da suka biyo, inda ba mai lura. Ɓangaren binciken da ya duba aikin haihuwa ya ce haɗarin mace a Afirka ya kai kusan ninki 50 na ta ƙasashe masu arziki.

Idan mace ta rasu a irin wannan hali, mukan ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai imani da zai yi jayayya da ajali, kuma kalmar tana sanyaya zuciyar miji da uwa. Amma kalmar ta masu makoki ce. Ba ta dace da bakin asibiti ba in ya zo rubuta abin da ya faru. Asibiti amana aka ba shi, kuma cikin amanar akwai ya zauna ya tambayi kansa: ƙarfe nawa aka lura jini ya faɗi, wa ke tsaye a wajen kanta, akwai oksijin a tukunya, janareta ya tashi, nas nawa ke kula da gado nawa a daren. Tsarin bin diddigin mutuwar mata masu haihuwa yana nan a takarda a Najeriya, kuma akwai asibitocin da ke yin zaman. Abin da nake roƙo shi ne ya game kowace tiyata, kuma a yi shi yadda Macintosh ya nema, ba don a samu wanda za a rataya wa laifi ba. Nas ɗin da ya san za a ci masa mutunci ko a mayar da shi ƙauye mai nisa in ya faɗi gaskiya, zai rubuta cewa zuciya ce ta tsaya, a rufe fayil. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai maganar kaya. Muna son a buɗe gini a nuna na'ura mai allo da fitilu, an sayo ta da kuɗi mai yawa. Ba na ƙin ta. Babban asibitin koyarwa yana buƙatarta. Amma na'urar da aka ƙera don asibitin da wuta ba ta ɗaukewa, oksijin na zuwa ta bututun bango, injiniya na amsa waya, in aka kai ta inda babu ko ɗaya cikin ukun, ba ta daɗewa za a lulluɓe ta da zani. Jikokin EMO suna nan a kasuwa, na'urorin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki, in wuta ta ɗauke su ci gaba da aiki da numfashin majinyaci da zugazugin hannu. Su ya kamata mai sayen kaya na ma'aikatar lafiya ya fara tambaya in zai yi wa Kiyawa ko Gwaram ko Ringim odar kaya, ya kuma tambayi nas ɗin da zai yi aiki da su kafin ya sa hannu.

Jihar na da kwalejin nas a Birnin Kudu, Jami'ar Tarayya ta Dutse na koyar da likitanci, asibitin Rasheed Shekoni ya zama na koyarwa. Ke nan wurin horarwa ya samu. Abin da ya rage shi ne a ware gurabe duk shekara a tura nas-nas kwas na sa barci da kuɗin gwamnati, a ba fannin matakin girma da alawus da zai sa matashin likita ya zaɓe shi bai ji ya koma baya ba, kuma kada a bar babban asibiti da mai sa barci guda ɗaya tilo, wanda in ya yi zazzaɓi ko ya tafi jana'izar mahaifinsa sai a ɗora mai naƙuda a mota a nufi Dutse ko Kano. Sannan kowane gado na masu farkawa daga tiyata ya samu ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, mai nuna yawan oksijin a jini, mai kuka in ya sauka. Ƙungiyar Lifebox, da aka kafa a 2011, ta ƙera mai ƙwari don asibitoci irin namu, mai aiki da batir, a kan kimanin dala 250.